Shin Adabin Kasuwar Kano Soyayya Ce Zalla?

An daɗe ana ɗauka cewa littattafan da suka cika kasuwannin Kano tun daga tsakiyar shekarun 1980 ba su ƙunshi komai ba sai hirar saurayi da budurwa, har ma sunan "littattafan soyayya" ya manne musu baki ɗaya. Wannan fahimta ta yi ƙarfi sosai, ta kai ga ƙona wasu littattafai a bainar jama'a a Kano a shekarar 2007, bisa zargin suna gurɓata tarbiyya.

Sai dai mafi yawan masu wannan hukunci bangon littafin kawai suka gani, da zanen budurwa riƙe da fure, ba su buɗe ciki ba. Wanda ya karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, zai tarar da labarin matar da mijinta ya kora bayan ya yi mata kishiya, ta koma sayar da abinci domin ciyar da 'ya'yanta. Littafinta Wa Zai Auri Jahila? kuwa yana magana ne kan cire yarinya daga makaranta da auren dole.

Gaskiya ne akwai littattafan da aka rubuta cikin gaggawa, cike da kurakuran rubutu, kuma sukar su daidai ne. Amma a hannun marubuta da dama, musamman mata, soyayya ƙofa ce kawai ta shiga zancen kishi, saki, gado da ilimin 'ya mace.