Kandid: kalmar da masu hoton biki suka cika mana kunne da ita

Tun da kakar bukukuwan ƙarshen shekara ta kama, da wuya ka buɗe Instagram ko TikTok ba ka ci karo da kalmar nan ta Turanci ba: kandid (candid). Masu hoton biki na Legas daga Agege har Obalende duk sun maƙala ta a tallarsu, amare na rubuta ta a ƙasan hotunansu, har a rediyo na ji mai gabatar da shiri yana tallata wani situdiyo yana cewa za su "tsara muku kandid mai kyau". Wannan tsarawar ce ta tsaya mini a rai, domin ita da kandid ba sa haɗa hanya.

Ma'anar ba ta da wuya. Hoton kandid shi ne wanda aka ɗauki mutum yana cikin sha'aninsa, ba wanda ya ce masa tsaya nan, ɗaga haɓa, juya can. A baki kowa ya san haka. A wurin aiki ne ake kwaɓa abin.

Leƙa ɗakin da ake shirya amarya ranar Asabar a Idi Araba. Mai kwalliya ta gama, an naɗa gwagwaro, ƙawaye sun sha anko. Mai hoto ya jera su a bakin gado yana ba da umarni: "Amarya, kar ki kalle ni, kalli taga. Anti mai jan mayafi, dafa kafaɗarta. Yauwa. In na ƙirga uku kowa ta yi dariya kamar an ba da labari." Ya ƙirga, suka yi, bai yi masa ba, a sake. Kafin a samu wanda ya gamsar da shi muƙamuƙin amarya ya gaji. Da dare hoton ya hau intanet da tambarin kandid, mutane na ta yabon yadda aka kama su ba su sani ba. Kallon kitse ake yi wa rogo. Jama'a sun ɗauka alamar kandid ita ce kawar da ido daga kyamara, alhali yaron da ya ƙura wa kyamara ido bakinsa cike da shinkafa, yana mamakin wannan baƙin ƙarfe, ya fi ƙawayen nan cancantar sunan nesa ba kusa ba. Inda ido ya kalla ba shi ne ma'auni ba. Abin tambaya shi ne wa ya haifar da abin da ke cikin hoton, bikin ne ko mai hoton.

Kada a ce ina ƙin hoton da aka shirya. Ina son sa ƙwarai. Hoton dangi da ake jera kakanni a gaba, iyaye a baya, jikoki a ƙasa, shi ne wanda ake nema ran da aka rasa wani a cikinsu. Kuma a garin nan na Legas mai hoto J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014, ya shafe shekaru yana zaunar da mata yana ɗaukar kitsonsu da ɗaurin kansu, kowane hoto a tsare, ga shi yau manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya suna alfahari da su. Shiryayyen hoto sana'a ce mai daraja. A kira shi da sunansa kawai.

Abin da ya ƙara sa kalmar ta dame ni shi ne asalinta. Daga Latin ta fito, harshen Rumawan da. Suna da aikatau candere, wato haskakawa, ƙyalli, irin farin da ke ɗaukar ido. Daga nan aka sami candidus, fari fat. Daga wannan tushe kuma aka sami candela, wadda Turancin Ingilishi ya ara, mu kuma muka karɓa daga bakin Turawa muka ce kyandir. Ke nan kyandir ɗin da ake kunnawa in an ɗauke wuta ɗan uwan kandid ne na jini, kuma ya riga shi shigowa Hausa da shekaru masu yawa. A ƙarni na 17 ne Turawa suka karkatar da ma'anar daga farin launi zuwa farin hali: mutumin da ke faɗin abin da ke ransa ba rufa-rufa. Mu ma hanyar da muka bi ke nan da muke cewa wane farar zuciya gare shi, ko cikinsa fari ne. To hoton kandid hoto ne mai farar zuciya, wanda bai ɓoye maka yadda aka yi aka same shi ba.

Akwai ɗan uwa na uku. A Rum ta da, mai neman muƙami yakan fito dandali sanye da mayafi da aka goge da alli har ya yi fari tas, don a hango shi daga nesa a kuma ɗauke shi mai tsabtar hali. Sunan mai wannan farin mayafi candidatus, kuma daga ita ne Turanci ya samo candidate, kalmar da yake kiran ɗan takara da ita har gobe. Wato tun fil azal kalmar tana da fuska biyu, farin da yake na asali da farin da aka shafa da alli don a gani. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga masu taimaka wa 'yan siyasa sun saki hoton mai gidansu yana cin gasasshiyar masara a bakin titi, ko ya rungumi wata tsohuwa a kasuwar Mile 12, suna cewa kandid ne. An zaɓi titin, an zaɓi tsohuwar, masu kyamara sun riga shi isa wurin. Wannan farin alli ne, kuma illarsa ta wuce ta hoton biki, domin da shi ake sayen amincewar talaka.

Kalmar ta shiga harkar hoto ne ta ƙofar siyasar ma, amma ta ɗaya ɓangaren. A farkon zamanin hoto, bayan 1839, sai mutum ya daskare na tsawon lokaci kafin hoto ya kamu, har ƙarfe ake sa wa a ƙeya don kada kai ya motsa. Sai a shekarun 1920 aka fara samun ƙananan kyamarori masu iya aiki a hasken ɗaki. Wani Bajamushe mai suna Erich Salomon, wanda ya karanta shari'a, ya riƙi irin wannan kyamara mai suna Ermanox, yakan sa kwat irin ta manya ya saje da su a tarukan ƙasa da ƙasa. A taron birnin Hague na 1930 ya ɗauki ministocin Turai cikin tsakar dare, gajiya ta cinye su, wasu sun zube a kujera suna gyangyaɗi. Kafin shi, jama'a ba su san shugabanninsu sai a tsaye ƙyam, ƙirji a gaba. Wata mujallar Landan ce a 1929 ta fara kiran irin aikinsa da wannan suna, ministan harkokin wajen Faransa Aristide Briand kuma ya laƙaba masa sarkin masu shisshigi. 'Yan Nazi sun kashe Salomon a sansaninsu na Auschwitz a 1944. Kalmar da aka raɗa don hoton da ke sauke wa manya rawani, ita ce yau ake naɗa musu rawanin da ita.

Sai kuma abokiyar tafiyarta, nacural (natural), wato hoton da mutum ya fito a yanayinsa na asali. Nan ma an cakuɗa abu biyu: ɗaukar hoto a cikin ciyayi da bishiyoyi, da sakin jikin wanda ake ɗauka. Salon da masu hotonmu ke kwaikwaya irin na bukukuwan karkarar Ingila ne: baƙi kaɗan, tsohon rumbun gona da aka mayar wurin biki, filin ciyawa, ango da amarya na yawo mai hoto na binsu daga nesa. A can a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, ga lallausan haske na yamma mai daɗewa. Mu a Legas duk shekara wajen 6 da rabi zuwa 7 rana ta tafi, kuma duhu ba ya jira. Namu suka ɗauko ciyawar suka bar sakin jikin. Sai a kwashi masu shirin aure a mota, a sha cunkoso har Epe ko bakin ruwan Badagry, a tsayar da su gindin bishiyar kwakwa cikin zafi, a ce su riƙe hannu su kalli teku. Bishiya dai ta Allah ce, amma yarinyar da ba ta taɓa riƙe hannun namiji a bainar jama'a ba, fuskarta za ta faɗi haka ko da an goge ta da kwamfuta. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Wannan shi ne abin da na fi so masu hoto su gane. Yanayin amaryar Bahaushe na gaskiya sau da yawa kunya ce. Sunkuyar da kai ne, jan mayafi ne, kukan da ke ƙwace mata lokacin da mahaifinta ya zaunar da ita yana yi mata nasiha kafin a kai ta. Mai hoton da ke ce mata "saki jiki mana, yi dariya" yana goge ainihin abin da ya zo ɗauka. Kuma bikinmu cike yake da abin ɗauka ga mai ido. Hannun waliyyi yana ƙirga sadaki a gaban shaidu. Fuskar ango a daƙiƙar da aka shafa fatiha, abokai suka yi masa caa. Kaka tana shafa wa jikarta lalle tana tsokanarta da cewa ta ƙwace mata miji. Gardamar sayen baki. Da yawa cikin Hausawan Legas ma gida suke komawa su yi biki, a ƙauyukan Katsina ko Jigawa ko Sakkwato, inda mata ke daka a tsakar gida, manyan tukwane na kan murhu, yara na bin motar amarya da gudu. Karkarar da ake wahalar nema a Epe tana can tana jira, da mutanenta a ciki. Malick Sidibé, mai hoto na Bamako a ƙasar Mali, bai je ko'ina neman bishiya ba. Wuraren rawar matasan garinsu ya riƙa bi da dare a shekarun 1960, har suka saba da shi suka daina lura da kyamararsa, kuma a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na Venice.

Amma fa kandid ba lasisin satar hoto ba ne, kuma a nan na rabu da Salomon. Shi masu mulki yake ɗauka, waɗanda jama'a ke da haƙƙin ganin yadda suke. Gwaggon amarya ba minista ba ce. A wurin kamu ko wuni, mata na cire mayafi su yi rawa don sun san su kaɗai ne. Wata ta yi loma, wata na shayar da jariri, wata ɗankwalinta ya zame. Na ga inda wata dattijuwa ta daka wa wani saurayi mai kyamara tsawa, "Kai yaro, sauke abin nan, nan ba wurinka ba ne," shi kuma yana ba ta amsa da cewa "Hajiya, ai kandid ne." Ita ce da gaskiya. Izini ake nema tun farko, daga masu biki, a san wane ɗaki za a shiga da wanda ba za a shiga ba, a samo mace mai hoto don sashen mata, a kuma yi magana a fili kan abin da zai hau intanet. Masu gida su san kana nan, sannan su manta da kai. Wanda aka ɗauka bai san ma akwai kyamara a wurin ba, sannan ya tsinci kansa a wayoyin mutane, an ci amanarsa. Har ta fuskar doka akwai abin lura: sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta liƙi da takardun naira, kuma a watan Afrilun 2024 Babbar Kotun Tarayya a nan Legas ta ɗaure wani sananne a kafafen sada zumunta wata shida a kan haka. Hoton Alhaji yana liƙi da ka saka don tallar sana'arka zai iya jawo masa abin da bai yi tsammani ba.

Dalilin da ya sa na bogi ya yi yawa kuwa shi ne na gaskiyar yana da wuya. Ɗakunan taronmu duhu gare su, ga fitilu masu launin ja da shuɗi. Kafin ka tsayar da mai rawa cak ba dishi-dishi kana bukatar kyamara ta ƙifta cikin kusan kashi 1 cikin 250 na daƙiƙa, wanda ke nufin gilashin kyamara mai faɗin ido, mai tsada. In ka kunna filasha kuwa kowa ya waiwayo, abin ya watse. Sannan sai ka san tsarin bikin ciki da bai, ka san bayan huɗuba sai siga, bayan siga sai addu'a, ka riga ka tsaya inda fuskar uban amarya za ta juyo. Wanda bai san Hausa ba, bai san me sanƙira ke shela ba, kullum a makare zai ɗaga kyamara.

Don haka duk mai shirin biki da aka ce masa za a yi masa kandid, kada ya tsaya ga hotuna goma da aka zaɓa aka sa a Instagram. Ya ce a nuna masa albam ɗin biki guda daga farko har ƙarshe. Ya duba ko akwai tsofaffi a ciki, ko akwai masu girki, ko akwai fuskar da ba ta yi shirin hoto ba amma ba a tozarta ta ba. Ya kuma tambayi mai hoton abin da yake yi in wata baƙuwa ta ce a goge nata.