Idan fursuna ya mutu yana yajin cin abinci, wa doka ta ba ikon faɗin abin da ya kashe shi?

Irin wannan mutuwa ba ta rasa gardama. Hukumar gidan yari ta ce shi ya ƙi ci duk da lallashi, dangi su ce an zuba masa ido ne har ya galabaita. Haka aka yi a Kyuba a Fabrairun 2010, da Orlando Zapata ya rasu bayan fiye da kwana 80 bai ci ba. Gwamnati ta ce mai laifi ne kawai, Amnesty International kuwa ta ce saboda ra'ayinsa aka ɗaure shi.

A Ghana, masu tsaron fursuna ba su ne za su yanke wannan magana ba. Dokar binciken mutuwa ta 1960, wato Doka ta 18, ta ɗora aikin a kan majistaren kotun gunduma. Wanda ya cika a tsare, ko a babban kurkukun Kumasi da ke Adum, ko a Nsawam, ko a ɗakin tsare mutane na 'yan sanda, wajibi ne a sanar da majistare, shi kuma ya buɗe bincike. Yana da ikon sa likita ya duba gawa, ya kuma kira shaidu su yi bayani bisa rantsuwa.

Cewa mamacin da kansa ya ƙi abinci ba ya sauke nauyin hukuma. Sashe na 15 na tsarin mulkin 1992 ya ce ba a keta mutuncin ɗan Adam, ko da yana tsare. Don haka dole a tambaya: yaushe likita ya fara ganinsa, an ba shi ruwa, yaushe aka kai shi asibiti? Ɗura masa abinci da ƙarfi ma ba mafita ba ce, domin ƙungiyar likitoci ta duniya ta hana likita yin haka ga mai cikakken hankali, a sanarwar Malta ta 1991.

Inda abin ya fi taɓa mu mutanen Zango shi ne jana'iza. A unguwannin Kumasi irin su Aboabo ko Asawase, mutum ya rasu da safe, ana so kafin la'asar an kai shi makwancinsa, kuma kowa na ƙyamar a yanka gawa. Na san zafin wannan, ba na kuma raina shi. Amma iyalin da suka roƙi a ba su gawa ba tare da an duba ta ba sun binne babbar shaidarsu, abin da ya rage sai takardun gidan yarin da suke tuhuma. A ganina gara a nemi a gaggauta binciken, a je da lauya ko likitan da dangi suka amince da shi, a kuma nemi kwafin rahoton.

In har dangi ba su gamsu ba, suna iya kai koke ga CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da aka kafa a 1993. Ba ta karɓar kuɗin shigar da koke, kuma tana da ofis a Kumasi. Babbar Kotu ma tana sauraron ƙarar take haƙƙi a ƙarƙashin sashe na 33 na tsarin mulki.