Don Allah a daina cinna wa gona wuta

A makon nan kaɗai sau uku ina tarar da gona tana ci da wuta. Kara, ganye, har ɗan kashin da shanun Fulani suka bari, duk sun zama toka. A ta ukun na kasa haƙuri, na sauka daga babur na ce, "Baba, me ya yi zafi haka?" Ya ce, "Malamin gona, ai a rediyo na ji, Turawa ne suka ɓata sama da hayaƙinsu. Ɗan wannan nawa me zai ƙara?"

Baba bai yi ƙarya ba. Tun wajen 1750, da Ingila ta fara ƙona kwal a masana'antu, iskar kabon, wadda ke riƙe zafi a duniya, take taruwa a sama, daga baya man fetur da gas suka ɗora. Amurka kaɗai ta saki kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka tara, Afirka kaf kuwa wajen kashi 3 cikin 100. Shi kansa siminti da muke gani kamar ba ruwansa, sai an gasa dutsen farar ƙasa a zafin digiri 1,450, dutsen na sakin iskar, wutar gashin ma na saki. Haka ake yi a Obajana, haka a Ashaka.

To amma Baba, don wani ya jawo mana zafi da damina mai gardama, sai mu ƙara wa kanmu? Wutar da ka cinna gonarka take ci. Karan nan shi ke rufe ƙasa ya riƙe laima, ya ruɓe ya zama taki. Ka ƙone shi, iskar bazara ta kwashe tokar, ruwan fari ya wanke saura, sannan ka zo mini da kukan tsadar taki. Wallahi abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Har 'yan tsiron gawo ba ku bari!

Ku je Maraɗi ku gani. Tun shekarun 1980 suka rungumi sassabin zamani, suna barin kututture ya toho, suna gyara masa rassa, gonakin da suka zama fako suka sake yin itatuwa.

Na san kuna gudun ƙwari da macizai, na kuma san shara da hannu akwai wuya. Duk da haka:

- kara mai tsutsa a kai gida a ba dabbobi, saura a bar shi kwance
- ciyawa da shara a zuba a rami, a haɗa da kashin dabbobi
- tsiron gawo in kun gani, ku kafa masa sanda kada garma ta bi ta kansa