Jar giyar inabi ta Kudancin Amurka: daga ina ɗanɗanonta ya fito?

Yaya aka yi inabi ya isa can?

Sifaniyawa ne suka kai shi a ƙarni na 16, tun da limaman coci na bukatar giyar inabi wajen ibada. Amma irin da ya ɗaga sunan Ajantina, wato Malbec, daga kudu maso yammacin Faransa ya fito. A 1853 wani masanin noma Bafaranshe, Michel Pouget, ya kawo shi Mendoza, wani lardi a yammacin Ajantina, bisa ƙwarin gwiwar Domingo Sarmiento, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa. Da jirgin ƙasa ya haɗa Mendoza da Buenos Aires, babban birnin ƙasar, a 1885, baƙi daga Italiya suka yi ta kwarara, gonaki suka bunƙasa.

To, ba hamada ba ce Mendoza?

Hamada ce kuwa. Ruwan sama a shekara wajen milimita 200 ne kawai. Duk wanda ya taɓa noman rani zai gane abin da ke faruwa a nan. Ƙanƙarar da ke kan tsaunukan Andis tana narkewa ta gangaro, sai a bi da ita ta magudanai zuwa gindin kowace kuringa. 'Yan ƙabilar Huarpe ne suka fara haƙa irin waɗannan magudanai, tun kafin Bature ya taka ƙasar. A ganina wannan ne gadon da ya fi cancanta a yaba. Manomi shi ke rarraba ruwa, ya ba itaciya daidai bukatarta, ya ɗan bar ta da ƙishi don 'ya'yan su fito ƙanana masu ƙarfin ɗanɗano. A Kwarin Uco da ke Mendoza akwai gonaki sama da mita 1,000 a kan tudu: rana ta gasa inabin, dare ya yi sanyi, fatar ta yi kauri, launi ya yi duhu.

Me masu ɗanɗanawa ke dubawa?

Da farko sukan karkata kofin gilashi a gaban farin ƙyalle su ga launi; na Malbec ja ne mai shuni-shuni. Sai su kaɗa kofin, su shinshina, sannan su kurɓa kaɗan. Ƙwararru da yawa ma tofarwa suke yi. Abin da suka fi kula da shi shi ne bauri, irin wanda ɗanyar kanya ke bari a harshe, wanda ke fitowa daga fata da ƙwallon inabi.

Chili fa?

Tata alfarmar wani irin inabi ne mai suna Carménère. Wani ƙwaro mai cin saiwa ya kusa ƙarar da irin nan a Faransa a ƙarni na 19, amma bai taɓa mamaye Chili ba. Shekara da shekaru manoma na can suna nomansa suna zaton wani irin ne da ake kira Merlot, sai a 1994 wani masani, Jean-Michel Boursiquot, ya duba ganyensa a wata gona a Kwarin Maipo ya gane shi.