Jarabar nikotin: ma'anarta da yadda take cakuɗuwa da damuwar dattawa

A bakin jama'a, idan aka ce wane yana da jarabar taba, ana nufin ya kasa riƙe kansa. A bakin likita kuwa kalmar tana nufin canjin da ya auku a ƙwaƙwalwa. Nikotin, sinadarin da ke cikin ganyen taba, yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 bayan zuƙa, ya sa ta saki dofamin, mai kawo ɗan jin daɗi. Yau da gobe ƙwaƙwalwa takan ƙara yawan gurabun da ke karɓar nikotin, har ta kai ba ta daidaita sai da shi.

Nikotin ba ya jimawa a jini. Cikin kamar awa 2 rabinsa ya tafi, sai jiki ya fara nema: ƙunci, saurin fushi, rashin sukuni, hankali ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Mutum ya kunna kara, abin ya lafa, ya ce taba ce ke kwantar masa da hankali. Alhali ƙuncin da ta ɗauke, rashinta ne ya kawo shi. Dattijon da ya shekara 40 yana sha ya bi wannan zagaye sau dubbai, shi ya sa raba shi da wannan fahimta ke da wuya.

Alaƙar tana tafiya ta ɓangare biyu. Mai ciwon damuwa ko fargaba ya fi saurin kama taba kuma ya fi shan wuya wajen bari. Mai shan taba kuma ya fi fuskantar waɗannan cututtuka. A jikin tsoho akwai ƙarin hanyoyi. Hayaƙi yana lalata huhu, numfashi ya riƙa sarƙewa da an ɗan hau matakala, ƙirji ya yi nauyi, zuciya ta buga, kuma waɗannan alamu suna iya tayar da fargaba. Hayaƙin yana kuma ƙuntata ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, abin da ake dangantawa da ciwon damuwar da ke fara bayyana a tsufa. Nikotin na daƙile barci. Wanda numfashi ya hana shi fita kuma zaman kaɗaici ya same shi.

Wurin da aka fi ruɗewa shi ne makonnin farko na bari. Alamomin rashin nikotin kan fara cikin yini guda, su tsananta a rana ta 2 zuwa ta 3, su ragu cikin mako 2 zuwa 4. Ciwon damuwa ba ya bin wannan jadawali. Idan baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya zauna kusan kullum har mako 2 ba sassauci, a ga likita. A tsofaffi sau da yawa ba ya zuwa da kuka; yakan zo da ciwon jiki, mantuwa, ƙin abinci da farkawa tun dare bai ƙare ba, iyali su ce ai tsufa ne. Maganar gajiya da rayuwa kuwa ba a jiran mako 2 a kanta.

Tsoron cewa barin taba zai ƙara dagula zuciya bayan waɗannan makonni na farko bai da tushe. Wani nazari da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2014, wanda ya haɗa bincike 26, ya gano cewa waɗanda suka bari sun samu raguwar damuwa da fargaba fiye da waɗanda suka ci gaba, har da masu taɓin hankali a cikinsu.

Ana auna ƙarfin jarabar da tambaya mai sauƙi: minti nawa bayan tashi daga barci ake kunna karan farko? Ƙasa da minti 30 alama ce ta ƙarfi. Mai shan fiye da kara 10 a rana yakan fara da filastar nikotin ta miligiram 21 na mako 6, sannan 14 na mako 2, sannan 7 na mako 2, ana canza wurin mannawa kullum don kada fata ta yi ja. Cingam ɗin nikotin ba a tauna shi kamar na yara: a tauna kaɗan, a ajiye shi a kunci, in ba haka ba sai shaƙuwa da tashin zuciya. Yana kuma manne wa haƙoran roba, don haka alawar nikotin ta fi dacewa da mai su. Ƙwayar bareniklin, maganin barin taba, tana aiki, amma ana rage ta ga mai ciwon ƙoda mai tsanani. Bufurofiyon kuma, wani maganin barin taba, ba a ba mai farfaɗiya.

Abin da aka fi mantawa shi ne hanta. Hayaƙin taba, ba nikotin ba, yana sa ta gaggauta narkar da wasu magunguna, irin su olanzafin da kulozafin na masu taɓin hankali, da tiyofilin na masu asma. Da an daina shan taba, cikin kwanaki maganin zai taru a jini ko da ana manna filasta, ya kawo jiri, yawan barci ko faɗuwa. Haka kafeyin ɗin kofi: kofin da aka saba sha zai fara sa rawar hannu da bugun zuciya, a ɗauka fargaba ce ta dawo. A rage shi zuwa rabi, a kuma kai wa likita duk magungunan da ake sha kafin ranar da aka tsayar don barin taba.