Karen da ke firgita da tsawa: wane magani ya dace da shi, wanne zai cutar da shi

Duk shekara da damina ta kama, masu karnuka kan zo mana da tambaya iri ɗaya: "Malam, wane magani za mu ba shi ya yi barci har ruwa ya ɗauke?" Masu gadi ne ke tambaya, da mafarauta, da magidantan da suka ajiye kare don tsaron gida, wani lokaci har da makiyaya. Ina jin daɗin tambayar domin ta nuna mutum ya damu da dabbarsa, amma akwai gyara a cikinta. Abin da karen ke buƙata shi ne a rage masa tsoro. Akwai maganin da zai zube da kare ƙasa ya kasa motsi alhali tsoron yana nan daram, kuma irin wannan ne aka fi saurin kai hannu gare shi.

Wanda ya taɓa lura ya san yadda abin yake. Hadari na haɗuwa a gabas, iskar nan mai ƙura da ƙamshin ruwa ta taso, kafin mutum ya ji cida karen ya riga ya sauya. Ya bar abincin da ke gabansa, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, kunnuwa sun kwanta baya, yana haki baki buɗe ba don zafi ba, yawu na dalala. Ya je ƙarshen sarƙa ya dawo, ya sake komawa. Da aradu ta faɗi sai ya fizga da dukkan ƙarfinsa har sarƙar ta yanke masa wuya. Wani ya yi ta tonon ƙarƙashin ƙofa har faratansa su yi jini, wani ya tsallake katanga a wayi gari babu shi. Idan kuma ɗan ɗakinsa rufin kwano ne kawai, ƙarar ruwan kanta wata azaba ce a kan ta tsawa.

Wannan ba taurin kai ba ne, kuma ba ragonci ba ne. Masana a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan sun fitar da bincike a 2020 kan karnuka sama da 13,000, suka samu kusan kashi 32 cikin ɗari suna fama da tsoron ƙara mai ƙarfi, wato kusan ɗaya cikin uku. Duka da tsawatarwa ƙara ta'azzara abin suke yi, domin kare zai haɗa hadari da sanda a ransa. Idan aka yi banza da shi kuma, yakan ƙaru daga damina zuwa damina: bana aradu kaɗai ke firgita shi, baɗi duhun hadari ma ya isa. Akwai wani abu da ya kamata masu tsofaffin karnuka su riƙe. Wani bincike na Jami'ar Lincoln ta Ingila a 2018 ya nuna alaƙa tsakanin ciwon gaɓoɓi da tsoron ƙara, musamman ga karen da bai fara tsoron ba sai da ya manyanta. Ƙara ta sa ya zabura, zaburar ta taɓa masa wurin ciwo, daga nan ya tsani ƙarar. Irin wannan kare dubawa yake buƙata tukuna, don wani lokaci maganin ciwon ne zai fi yi masa amfani.

Bari in fara da abin da bai kamata a ba shi ba, don nan ne ake yin asara. Maganin ciwon jiki na mutane irin su ibufurofen da dikilofenak suna jawo wa kare gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Farasitamol idan ya wuce kima yana lalata hanta, kyanwa kuwa kisa yake yi mata. Dukkansu ma babu ruwansu da tsoro. Tiramadol da maganin tari mai sa maye ba maganin firgita ba ne, suna iya jawo jijjiga ko danne numfashi. Ƙwayoyin mura da ƙaiƙayi masu sa mutum gyangyaɗi, irin su Piriton, iyakarsu su kawo 'yar kasala. Mai kemis na unguwa, komai kirkinsa, ba a koya masa awon maganin kare ba, kuma lissafin "rabin na yaro" da ake yi ba lissafi ba ne, don jikin kare ba ya sarrafa magani yadda namu ke yi.

Sai wanda ya fi damuna, domin shi na dabbobi ne na gaske kuma yana da sauƙin samu: asefuromazin, wanda ma'aikata ke kira ACP. Magani ne mai amfani a hannun likita, musamman wajen shirya dabba kafin tiyata. Amma idan aka ba da shi shi kaɗai don tsawa, abin da yake yi shi ne ya sassauta jiki, ya hana kare tashi, ba tare da ya taɓa tsoron ba. Mai gida zai leƙa ya ga kare kwance shiru, ya ce alhamdulillahi magani ya yi. Da zai durƙusa ya duba da kyau, zai ga ido na bin kowace walƙiya, jiki na zabura da kowace aradu, dabbar tana ji tana gani amma ba ta da ikon gudu ko ɓuya. Kamar a ɗaure mutum ne hannu da ƙafa a ajiye shi gaban abin da ya fi tsoro. Likitocin halayyar dabbobi sun daɗe suna gargaɗi cewa yana iya ƙara wa kare jin ƙara, ta yadda hadari na gaba zai fi na baya muni. Yana kuma saukar da bugun jini. Don Allah, idan an miƙo maka shi a matsayin maganin tsawa, ka nemi a sake shawara.

Magungunan da ke rage tsoron da gaske kashi biyu ne: na ranar hadari, da na kullum.

A cikin na ranar hadari akwai guda biyu da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da su musamman don tsoron ƙara a karnuka. Na farko Sileo, wanda aka amince da shi a 2015. Wani abu ne mai kauri kamar man goge baki, a cikin sirinji marar allura. Ana matsa shi tsakanin kunci da dasashi don ya shiga jini ta fatar baki, ba haɗiyewa ake so a yi ba, idan kare ya haɗiye aikinsa ya ragu. Ana sa shi minti 30 zuwa 60 kafin ƙara ta fara, ko da zarar alamun tsoro sun bayyana, mai sawa ya sa safar hannu. Ba a ba karen da ke da ciwon zuciya, hanta, ƙoda ko matsalar numfashi mai tsanani. Sirinjin yana da wani zobe na awo da dole a kulle shi kafin a matsa, don an samu karnukan da maganin ya yi wa yawa saboda ba a kulle zoben ba. Na biyu Pexion, wanda aka amince da shi a 2018, ƙwaya ce da ake farawa kwana biyu kafin ranar da ake sa ran ƙara, safe da yamma. Wannan ya fi dacewa da abin da aka san ranarsa, kamar wasan tartsatsin wuta na ƙarshen shekara. Hadari kuwa ba ya aiko da goron gayyata. Su biyun nan ba ko'ina ake samun su a ƙasashenmu ba.

Waɗanda likita zai fi iya rubutawa a nan su ne tarazodon, gabafentin, da dangin Valium da Xanax. Tarazodon yana son a ba shi kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu kafin hadari, kuma wasu karnukan yakan sa su kasala ko ɓacin ciki. Gabafentin yana taimakawa musamman idan akwai ciwon jiki tare da tsoron, sai dai a guji na ruwa da aka yi don mutane, domin wasunsu na ɗauke da wani sinadarin zaƙi, zailitol, wanda guba ne ga kare. Dangin Valium suna aiki da sauri, cikin rabin awa zuwa awa ɗaya, amma suna da halin da dole a sani: wani karen maimakon ya natsu sai ya ƙara birkicewa, wani kuma mai halin cizo sai maganin ya cire masa ɗan shakkar da ke riƙe shi. Ga karen gadi mai zafi a gidan da ke da yara, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Shi ya sa ba a fara gwada sabon magani a daren hadari. A zaɓi rana mai kyau, sararin sama garau, a ba shi awon da likita ya rubuta, a zauna kusa ana lura. Bayan minti nawa ya fara aiki? Yana tafiya daidai ko yana tangaɗi? Ya natsu ko ya rikice? Yana amsa kira? Abin da ake nema shi ne kare mai iya tashi, ya sha ruwa, ya karɓi nama a hannu, hankalinsa kwance. Idan ya zube ba ya iya ɗaga kai, awon ya yi yawa ko maganin bai dace da shi ba, sai a koma wa likita da bayani.

Lokaci shi ne rabin aikin. Maganin da aka ba kare bayan ya riga ya fita hayyacinsa ba ya yin wani abin kirki, ga kuma haɗarin cizo ga mai cusa masa ƙwaya a baki a wannan hali. Manomi ya san alamun hadari tun daga nesa: zafin nan mai nauyi na la'asar, gabas ta yi baƙi, iska ta juya. Hukumar NiMet ma tana fitar da hasashen yanayi, ana ji a rediyo ana gani a waya. Da an ga alama a ba da magani, gara a bayar ruwa bai zo ba da a jira aradu ta fara.

A tsakiyar damina, lokacin da ake iya yin hadari sau uku ko huɗu a mako, karen da tsoronsa ya yi tsanani ba zai wadatu da na rana ɗaya ba. Nan ne likita kan sa shi a kan maganin kullum, fuloksetin ko kilomifiramin, waɗanda ake sayarwa don karnuka da sunan Reconcile da Clomicalm. Waɗannan ba sa nuna aikinsu sai bayan mako huɗu zuwa shida. Ke nan wanda ke Kano ko Katsina ko Maraɗi, inda ruwa kan fara wajen Mayu zuwa Yuni, tun cikin bazara ya kamata ya ga likita. Ga wani gargaɗi da ya shafe mu kai tsaye: damina lokacin kaska ne, kuma mutane da yawa suna wanke karnuka da maganin kaska mai sinadarin amitiraz. Wannan sinadari ba ya jituwa da waɗannan magunguna biyu. Haka nan haɗa su da tiramadol na iya kawo rawar jiki, zazzaɓi mai zafi da jijjiga. Duk abin da ake shafa wa kare ko ake ba shi, ko da na gargajiya ne, a faɗa wa likita kafin ya rubuta komai.

Magani kuma ba ya aiki shi kaɗai idan kare na ɗaure a fili ruwa na dukansa. Na san yawancinmu ba ma shigar da kare ɗaki, kuma ba sai an yi haka ba. Sito, gareji, ko wani lungu mai bangon ƙasa ko bulo ya wadatar. A shimfiɗa tsohon buhu, a rufe taga don walƙiya, a ajiye ruwa, a bar masa ƙofa yadda zai shiga da kansa tun kafin damina ya saba da wurin. Kada a ɗaure shi da sarƙa a gindin bishiya ko jikin turken ƙarfe lokacin hadari, aradu kan faɗa wa irin waɗannan wurare. Idan ya zo ya raɓe ka, yi masa magana a hankali, lallashi ba ya ƙara tsoro. Ɗan kwikwiyo kuwa, a daminarsa ta farko, duk lokacin da aka yi cida a jefa masa ɗan nama ko a yi masa wasa. Wannan ɗan ƙoƙarin yakan hana matsalar tun daga tushe.

Akwai haɗarin da ba a cika tunawa ba. Karen da ya tsinke a firgice, yana gudu cikin unguwa yawu na zuba, da wuya ya tsira daga jifa, don kowa zai ce mahaukaci ne. Tsoron tsawa da hadari yake zuwa, da shi yake tafiya. Ciwon haukan kare ba ruwansa da yanayi, kullum gaba yake yi har ya kashe dabbar cikin 'yan kwanaki. Duk da haka kada wanda ya ce zai tantance da hannunsa. Duk wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Mai kare kuma ya tabbata an yi masa allurar rigakafi, ya adana katin, don ranar da aka yi cizo katin nan ne zai yi magana.

Wurin zuwa shi ne asibitin dabbobi na gwamnati mafi kusa, ko likitan dabbobi mai rajista. Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri duk suna da asibitin koyarwa na dabbobi. A tafi da karen don a auna nauyinsa, domin a kan nauyi ake lissafin magani. A faɗi shekarunsa, a faɗi idan karya ce mai ciki ko mai shayarwa, ko yana da farfaɗiya, ko ya taɓa cizon wani. Idan da hali a ɗauki bidiyonsa a waya lokacin hadari, ya fi dogon bayani. Wajen saye a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki.

Wasu daga cikin ƙwayoyin nan, musamman dangin Valium, suna cikin waɗanda matasa ke sha don maye, don haka a kulle su inda hannun yaro ko saurayi ba zai kai ba, kuma kada a ba maƙwabci saura don nasa karen. Idan damina ta wuce, ba a yanke maganin kullum rana ɗaya. Likita zai tsara yadda za a riƙa rage shi kaɗan-kaɗan cikin 'yan makonni, ya kuma sa ranar da za a dawo kafin ruwan baɗi.