Waiwaye: Yadda tsofaffin Japan suka baro gadon asibiti suka koma gidan mutum tara

Muhawarar da ake yi yanzu a Japan kan ƙananan gidajen kula da masu gigin tsufa ta tsaya ne a kan ma'aikata. Kusan kashi 29 cikin ɗari na mutanen ƙasar sun kai shekara 65 ko sun haura, kuma ƙiyasin hukuma ya ce nan da 2040 za a buƙaci ƙarin masu kula da tsofaffi kusan 570,000. Wasu na cewa a sassauta ƙa'idar yawan ma'aikata, na'ura ta riƙa lura da motsin tsoho da dare. Wasu na cewa a ƙara ɗebo ma'aikata daga waje, kamar yadda aka fara da Indonesiya a 2008 da Filifin a 2009. Mai bin zancen daga nesa zai ɗauka jiya abin ya faro. Tsohon zance ne.

Farkonsa sananne ne. A al'adar Japan, kula da iyaye idan sun tsufa nauyi ne na babban ɗa, wanda a aikace yake nufin matarsa. Ita ke wa surukarta wanka, ita ke kwana ido biyu. Bahaushe ba sai an yi masa dogon bayani a nan ba. A 1963 aka yi dokar jin daɗin tsofaffi, a 1970 masu shekara 65 suka kai kashi 7 cikin ɗari, matasa kuma na ta kwarara birane.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne 1973. A shekarar aka mayar da magani kyauta ga akasarin waɗanda suka kai shekara 70. Niyya ce mai kyau, kuma ta ceci talakawa da yawa. Sai dai ta zo ta tarar da wani abu da ya riga ta zama a zukata, wato kunya. Gidan tsofaffi a idon mutane gidan gajiyayyu ne, wurin wanda ba shi da kowa. Kai mahaifiyarka can abin gori ne har ga jikoki. Ga guraben ba su da yawa, ga kuɗin da ake karɓa gwargwadon samun iyali. Asibiti kuwa kyauta ne, kuma ba mai zagin ɗan da ya ce tsohuwarsa na kwance a asibiti. Sai ma a zo masa sannu.

To, iyalin da suka gaji, sa'ad da surukuwa ta fara fita tsakar dare tana neman gidan iyayenta da aka rushe tun tuni, ina za su nufa? Haka tsofaffin da ba jinya suke buƙata ba suka cika gadaje, watanni har shekaru. Asibiti kuma abin da ya iya shi yake yi: allura, ƙarin ruwa, ƙwaya. Ba a gina shi don mai yawo yana tambayar ina mijinsa da ya rasu ba. Wanda ya cika motsi sai a ɗaure masa hannu da tsumma a ƙarfen gado don kada ya fizge robar ƙarin ruwa. Wanda ke cire ƙunzugu sai a sa masa riga mai haɗe da wando da ba zai iya buɗewa da kansa ba. Tsohuwar da ta shigo da ƙafarta, bayan ’yan watanni a kwance, ba ta sake takawa. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai: masu kai su ba mugaye ba ne, masu ɗaure su ma ’yan kaɗan ne a kan marasa lafiya da yawa. Kowa ya yarda cewa ruɗewar tsufa cuta ce da gado ya dace da ita, tunda ba wanda ya taɓa ganin wata hanyar. An dawo da biyan wani abu na kuɗin magani a 1983, amma gadajen sun riga sun cika.

Ƙananan gidaje daga wannan ɗacin suka fito. A Suwidin, tsakiyar shekarun 1980, likita Barbro Beck-Friis ta gwada zaunar da masu gigin tsufa ’yan ƙalilan a gida irin na kowa a garin Motala. A birnin Fukuoka na Japan kuwa, a 1991, wasu mata uku suka ari ɗakin shan shayi a wani wurin ibada saboda tsohuwa guda da ta ƙi yarda a kai ta gidan tsofaffi. Daga nan ƙaramin gidan kula da tsofaffi mai suna Yoriai ya samo asali. Abin da aka gani bai da wuyar fahimta: matar da ta manta sunan ’yarta hannunta bai manta wanke shinkafa da ninke kaya ba, kuma idan aka bar ta ta yi, sai hankalinta ya kwanta.

A watan Afrilun 2000 inshorar kula da tsofaffi ta fara aiki, duk mai shekara 40 zuwa sama yana zuba kuɗi. Ta amince da irin waɗannan gidaje, mutum biyar zuwa tara a kowane sashe, kowa da ɗakinsa, madafa ɗaya. An hana ɗaure mutum sai bisa larura mai tsanani. A 2004 aka sauya ma sunan cutar, domin tsohon sunan na ɗauke da ma'anar wauta. Yau gidajen sun haura 13,000.

Ƙanƙantar ma tana da nata haɗarin. Gobara ta kashe mutum bakwai a wani gida a garin Omura a 2006, wata ta kashe biyar a Nagasaki a 2013, abin da ya sa aka wajabta na'urar yayyafa ruwa. Har yanzu kusan mutum 100,000 ke barin aiki duk shekara don kula da nasu, mafi yawansu mata. A 2021 kuma aka ba da damar cewa gida mai sashe uku, idan ya cika wasu sharuɗɗa, ma'aikata biyu su kwana da tsofaffin da yawansu kan kai 27, maimakon kowane sashe da nasa mai kwana.